Allunan Simintin Oom Barend

Akwai wani dattijo a Soutkloof, wani ƙauye da ke maƙale tsakanin daji da teku, ana ce masa Oom Barend, wato Kawu Barend a harshensu. Tun yana saurayi yake aikin katako, daga sara a daji har zuwa bakin injin yanka, bai ajiye ba sai da gwiwoyinsa suka ƙi. Mutum ne mai tsabtar aiki, ba ya ƙarya, ba ya taɓa kayan wani. Aibinsa guda ne: bakinsa bai iya furta "taimake ni" ba.

Gidansa ne na ƙarshe a ƙasan gangare, dab da duwatsun bakin ruwa. Mahaifinsa ne ya gina shi da katakon da ya yanka da hannunsa. A ciki aka haifi Barend, a ciki ya kawo amaryarsa Mieta, a ciki suka raini 'yarsu tilo, Ronel, wadda yanzu take aikin nas a Cape Town.

Gidajen Soutkloof duk na katako ne, iskar teku kuwa ba ta raga wa katako. Shi ya sa duk shekara idan Kirsimeti ya gabato ake makon fenti, ko da yake sau da yawa yakan zarce mako. Maza su ɗauki tsani da buroshi su bi gida-gida, a kankare, a toshe, a shafa. Da gidajen matan da mazansu suka rasu ake farawa. Sauran kowa da ranarsa, ba a rubuce take ba, amma babu wanda bai san ta ba. Ta gidan Oom Barend Alhamis ce, tun zamanin mahaifinsa.

Gidan da ake yi wa aiki shi ke ciyarwa. Kifi a kan garwashi, gasasshen burodi mai zafi, dankali, da baƙin kofi a butar da ba ta sauka daga wuta. Ana kankara ana rera waƙoƙin da aka koya a makarantar mishan. Wanda ya fi kowa ɗaga murya, ya kuma fi kowa ɓata waƙar, shi ne Tiemie, abokin Barend tun suna zama a benci ɗaya ba takalmi. Bangon da ke fuskantar teku shi ne mafi wuyar aiki a kowane gida. A gidan Barend, Tiemie ne ke ɗaukarsa duk shekara, ba tare da an ce ya ɗauka ba.

Haka aka yi ta yi har gashin kowa ya yi fari.

To, katako ma yana tsufa. Bangon tekun gidan ya fara laushi, danshi ya shiga ɗakin kwana, Mieta ta kama tarin da ba ya jin magani. Da Ronel ta zo hutu a tsakiyar shekara, lokacin sanyinsu, ta ja kabad ɗin uwarta daga jikin bango. Bayansa baƙi ƙirin da fumfuna. Ta danna ɗan yatsa a katakon, ya nutse.

"Baba, wannan ne Mama take shaƙa?"

"Za a gyara," in ji shi.

"Bara ma haka ka ce. Kullum ina ganin masu irin wannan tarin a asibiti, na san inda yake kai mutum. Idan na dawo Kirsimeti na tarar da bangon nan haka, da Mama zan koma. Kai ma in ka ga dama ka biyo mu."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa ya san da gaske take.

Ya taɓa kwana a ɗakinta na Cape Town, can saman bene. Tagar ba ta buɗuwa sosai, teku kuma sai ka leƙa tsakanin gini biyu ka hango ɗan siririn shuɗi. Ya san in aka kai Mieta can ba za ta dawo ba. Ya kuma san shi ba zai iya zama a nan babu ita ba, ba zai kuma iya zama can ba.

Sai ya hau mota zuwa garin Knysna da niyyar sayen sabon katako.

A shagon kayan gini ya ɗauki katakon zamani ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya danna farcensa a ciki, farcen ya bar rami.

"'Yata," ya ce da matar da ke sayarwa, "wannan katako ne ko rake? Itacen nan bai gama girma ba aka sare shi."

Ta yi dariya. "Oom, irin wanda kake nema ya ƙare tun kafin a haife ni."

Ta nuna masa kwano, ya ce gishiri zai cinye shi. Ta nuna masa na roba, ya ce ya ga yadda wutar daji ke yi wa gida, ba zai lulluɓe matarsa da abin da ke narkewa ba. Daga ƙarshe ta kai shi bayan shago ta nuna masa wasu dogayen alluna masu launin toka, an yi musu zanen jijiyar itace a fuska.

"Siminti ne da yashi da zaren itace aka matse," in ji ta. "Ba ya ruɓewa, ƙwaro ba ya huda shi, wuta ba ta kama shi."

Oom Barend ba ya sayen abu da baki. Ya roƙi guntaye, na simintin da na katakon, ya koma gida da su a aljihun kwat. Wasu ya jiƙa a bokitin ruwan teku. Wasu ya binne a bayan gida inda ƙasa ba ta bushewa. Guda ya tura cikin garwashin murhun Mieta.

Tiemie ya shigo ya tarar da shi tsugune gaban murhu.

"Mieta, talauci ya kai ku ga dafa dutse? Ku aiko a ba ku dankali mana."

"Gwaji nake," in ji Barend.

"Ba irin kwanon nan ba ne da ya cinye huhun mutane a dā?"

"Na tambaya. Wancan an daina yinsa. Wannan ba shi da gubar."

Bayan 'yan makonni ya tono, ya tsamo. Katakon ya kumbura ya yi baƙi. Simintin yana nan yadda aka ba shi. Na cikin wutar ya yi baƙin hayaƙi kawai, da ya goge sai ya koma toka. Ya aika a kawo masa na bango huɗu.

Zaɓin nan ba shi da aibi, ko yau aka tambayi mutanen Soutkloof haka za su ce. Matsalar daga bakinsa ta fito.

Ranar Lahadin da ta gabaci makon fenti, an tashi daga coci, maza sun tsaya a ƙofa suna shirya wanda zai kawo tsani da wanda zai kawo kananzir. Tiemie ya dafa kafaɗarsa.

"Alhamis muna gidanka. Ka gaya wa Mieta bana kada ta yi mana rowar barkono."

"Ku cire ni," in ji Barend.

"Mu cire ka daga ina?"

"Daga layi. Abin da na saya shafa ɗaya zan yi masa da hannuna, shi ke nan sai bayan shekaru masu yawa. Na huta da ciyar da ƙartai su zo su ɗiga min fenti a gilashin taga."

Aka yi dariya, an ɗauka wasa ne. Wani ya ce, "To ai namu za ka zo, ko Oom?"

"Tunda ba za a yi min ba, ban ga dalilin hawa tsanin wani da waɗannan gwiwoyin ba."

Dariyar ta tsaya. Da ya yi shiru a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma tsoron da ya daɗe yana cinsa ya nemi wanda zai sauka a kansa, sai ya juya ga Tiemie.

"Kai kuma, shekara da shekaru kana shafa wa ruɓaɓɓen katako fenti kana ce min ya yi. Da kana kankarewa yadda ya kamata, da Mieta ba ta wannan tarin."

Tiemie ya dubi abokinsa, ya sa hularsa, ya bi hanyar gida. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka watse.

Mieta ta ji komai daga inda mata suke tsaye. Sai da suka isa gida ta tuɓe takalmin coci sannan ta yi magana.

"Barend, ranar da aka binne mahaifiyarka wa ya haƙa ramin?"

"Kada ki fara."

"Ranar da Ronel ta zo duniya kana can daji, wa ya yi gudu ya kira ungozoma?"

"Na ce kada ki fara, Mieta."

"Ban fara ba. Kai ka gama."

Shi dai ya riga ya ɓamɓare bangon teku da na gefe biyu, ya rufe da tampol, ya mayar da gadon Mieta ɗakin gaba. Yana so kaya na sauka ya kama aiki.

Ranar Litinin motar kayan ta iso. Direban ya leƙa hanyar yashin da ke gangarawa gidan, ya girgiza kai.

"Oom, in na sauka nan sai dai a zo a tono ni."

Shi da yaran motarsa suka sauke allunan a gefen coci. Kafin ya tafi ya ce, "Oom, ka samu wani ya kama maka. Mutum biyu ke ɗaukar abin nan, kuma a tsaye."

"Yaro, tun ba a yaye ubanka ba nake ɗaukar katako. Allah ya kiyaye hanya."

Daidai tsallaken cocin gidan Antie Griet yake, wadda mijinta ya rasu a teku. A nan aka fara fenti ranar. Duk mazan ƙauyen suna kan tsani.

Masu aikin daji suna da yadda suke ɗaukar dogon katako. Ka naɗe buhu a kafaɗa, ka ɗora katakon a kwance, daidai tsakiyarsa. Idan ka fara tafiya, bakinsa biyu za su riƙa lilo sama da ƙasa. Sai ka daidaita takunka da lilon, ka taka lokacin da ya yi sama. A haka katakon ne ke ɗauke maka rabin nauyinsa. Wannan tafiyar uba ke koya wa ɗa, kuma a zamaninsa babu wanda ya kai Barend iya ta.

Ya naɗe buhu. Ya cicciɓi allo guda da kyar, don ya fi katako nauyi nesa ba kusa ba. Ya ɗora a kwance, ya gyara tsayuwa, ya fara takun nan na 'yan daji yana jiran lilo.

Allon ya yi ƙasa, bai dawo sama ba. Ƙas! Ya rabe biyu a kan kafaɗarsa, rabi gaba, rabi baya.

Waƙar da ake yi a gidan Antie Griet ta tsaya.

Ya ce a ransa mai aibi ne aka haɗo masa. Ya ɗauki wani. Wannan ya ɗan yi nisa da shi, har ya fara gangara, sannan ya karye. Ya gwada a ka. Ya koma gida ya turo baro, ya ɗaure allunan da igiya, ramin farko na hanyar ya tsage su gaba ɗaya. Ya ja wani a ƙasa, kusurwarsa ta ɓare.

Babu wanda ya yi masa dariya. Da an yi ma da ya fi masa sauƙi. Mutane suka mayar da fuskokinsu ga bango suka ci gaba da kankara, ba waƙa, ba hira. Ya ce a cire shi, an cire shi.

Kafin rana ta yi tsaka, gefen hanya ya cika da guntaye masu launin toka. Oom Barend ya zauna a kan sauran allunan, kafaɗarsa ta goge har jini. Ƙamshin kifin Antie Griet yana zuwa masa. Wata mata ta ɗauko kofi za ta tsallako, mijinta ya girgiza mata kai, ta koma.

Da yamma hadari ya taso daga teku. Ba ruwa mai yawa aka yi ba, yayyafi ne da iska, amma tampol ba bango ba ne. Gidan ya ɗauki sanyi kamar kogo.

Da gari ya waye ya tarar da Mieta ta sauko da tsohon akwatinta daga saman kabad, tana ninke kaya tana tsayawa ta yi tari.

"Me kike yi?"

"Ina rage wa Ronel aiki."

"Ai Kirsimeti da saura."

"Da saura. Amma ni na ga allunan jiya ta taga, na ga wanda ke ɗaukarsu." Ta ninke rigar cocinta ta sa a ƙasa. "Ba na son tafiya, Barend. A ɗakin nan nake so in mutu, ina jin ruwan nan. Amma in an kai ni Cape Town, kada ka ce bango ne ya kai ni. Bakinka ne."

Ya daɗe tsaye yana kallon akwatin. Shi ne wanda ta shigo gidan da shi.

Ya fita bayan gida, ya ciro tsohon buroshinsa daga gwangwanin kananzir, ya ɗauki makankari da tsani, ya hau gangaren. Ya wuce allunansa bai dube su ba. Ranar Talata ce, ranar gidan Tiemie.

Da suka gan shi aka yi tsit. Bai gai da kowa ba. Ya zagaya bangon da ke fuskantar teku, ya jingina tsani, ya hau da gwiwoyin da ya ce ba sa hawa tsanin wani.

Ya kama kankara da ƙarfi, yadda ya ce ya kamata a yi. Tsohon fenti ya yi ta zuba. Ya ƙara dannawa, sai makankarin ya shige cikin katakon har ƙota. Da ya zaro, ya bar rami, ta ciki yana hango gadon Tiemie.

Ya ji murya a ƙasan tsani.

"To, malam mai kankarewa yadda ya kamata. Ka yi min sabuwar taga."

Barend ya dubi ramin, ya dubi ƙasa.

"Yanzu ka ga abin da ya sa nake bin naka a hankali?" in ji Tiemie. "Na daɗe da sanin ya mutu. Na gaya maka, ka ce katakon mahaifinka ba ya mutuwa. Sai na riƙa lallaɓa shi kamar ƙwai, ko zai ƙara muku shekara."

Oom Barend ya tuna. An gaya masa, ba sau ɗaya ba.

Ya sauko a hankali, ya cire hula.

"Tiemie, bakina ya yi ɓarna."

"Yau ya fara? Tun muna aji ɗaya bakin nan ke ja mana bulala, ni da ban ce komai ba." Ya miƙa masa guntun katako da ƙusoshi. "Hau ka toshe min ɗakina kafin matata ta gani."

Ya toshe. Ya yini yana aiki. Laraba ma ya riga kowa isa gidan da ke kan layi. Babu wanda ya yi masa maganar allunan da ke gefen coci, shi ma bai yi ba.

Da yammacin Laraba ana wanke buroshi, wani ya ce, "Gobe ina ne?"

Kowa ya san gobe ina ne. Kowa ya sunkuyar da kai ga bokitinsa.

Oom Barend ya miƙe. Ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Gobe Alhamis," ya ce. "Ba ni da bangon da za a yi wa fenti. Ba ni da bango ma gaba ɗaya. Abin da na sayo ya fi ƙarfina. In ban rufe gidan nan ba, Ronel za ta tafi da Mieta." Ya tsaya, ya murɗa hular da ke hannunsa. "Ku taimake ni."

Tiemie ya kama kunnensa ya karkato.

"Me ya ce? Kunnen nan nawa ya tsufa."

"Ka ji ni."

"Wallahi iskar teku ce ta ɗauke. Griet, kin ji abin da ya ce?"

"Ban ji ba," in ji Antie Griet, tana danne dariya.

"Na ce ku taimake ni!" Ya faɗa da ƙarfin da sai da karnuka suka yi haushi.

"Ato," in ji Tiemie. "Duk tsawon rayuwata nake jiran wannan waƙar. Ka gaya wa Mieta maganar barkono tana nan."

Da safe suka hallara a gefen coci, har da mata. Aka tsaya ana gardamar yadda za a yi da allunan. Mieta, wadda ta lallaɓa ta hau gangaren lulluɓe da bargo, ta zauna a matakalar coci ta ce:

"Kun manta yadda kuka sauko da madubin kabad ɗina ranar da aka kawo ni? A tsaye, a kan gefensa, mutum gaba mutum baya. Ba ku yi masa rawar daji ba."

"Direban ma haka ya ce," in ji Barend a hankali.

"Ya ce, ka ce masa me?"

Barend ya kama baki guda, Tiemie ya kama ɗayan, suka tayar da allon a kan gefensa. Ko motsi bai yi ba.

Wanda ya ga gangaren Soutkloof a safiyar nan ba zai manta ba. Tsofaffi biyu-biyu, kowane biyu da allo a tsakaninsu, suna sauka a hankali kamar masu rakiyar amarya. Tiemie ya ɗaga waƙa, ya ɓata ta kamar kullum, aka kama masa.

Aikin ma sai da suka koye shi sabo. Zarton Barend da yake alfahari da shi ya dakushe kafin azahar, sai da aka aro na lantarki. Yanka a waje ake yi, bayan iska, kowa da jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci, an kuma hana Mieta matsowa kusa da ƙurar. Ƙusa in ta matsa baki sai allon ya ɓare, don haka suka riƙa huda rami kafin su buga. Layin ƙasa suka ɗaga shi kaɗan don kada ya sha ruwan ƙasa. Barend na bin kowane layi da igiya da ma'auni, yana cewa a sake, ana ce masa ya je ya zauna.

Alhamis kaɗai ba ta ishi aikin ba. Masu ranar Juma'a suka ce nasu ya jira, masu Asabar ma haka. Tun da aka kafa ƙauyen ba a taɓa ɗaga ranar wani ba sai wannan shekarar.

Aka rufe bangon teku, aka rufe na gefe biyu, aka shafa musu farin fenti. Da aka zo bangon gaba, wanda ke ƙarƙashin baranda, sai allo ya ƙare. Rabonsa shi ne guntayen da ke zube a gefen hanya.

Tiemie ya bi tsohon bangon yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma, daga ƙofa har kusurwa.

"Wannan lafiyarsa ƙalau. Ruwa bai taɓa samunsa ba. Nan kam katakon mahaifinka bai mutu ba."

Suka kankare shi, suka shafa masa fenti kamar yadda aka saba.

Ronel ta iso ana jajiberin Kirsimeti. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta wuce ɗakin kwana. Ta ja kabad, ta shafa bango da tafin hannu, ta shinshina. Ta zagaya waje ta bi layin allunan da ido. Sannan ta dawo ta sa kunne a bayan uwarta ta ce ta ja numfashi. Ta daɗe tana saurare.

"Da sauƙi," ta ce. Ta dubi akwatin da ke gefen gado, cike da kaya. "Mama, wannan fa?"

"Ubanki zai mayar da shi saman kabad."

Da suka fito baranda, inda Tiemie ke zaune da kofi, sai ta lura da bangon gaba.

"Baba, nan ai tsohon katako ne."

"Allunan ba su kai ba."

"Yaya aka yi? Ba na bango huɗu ka saya ba?"

"Ubanki ya koya musu rawa," in ji Tiemie. "Wasu ba su jure ba."

Ba ta gane ba, ba ta kuma tsaya tambaya ba. Ta ciro waya. "Bari in sa a kawo sauran bayan biki, a gama gaba ɗaya ku huta."

Oom Barend ya dubi bangon. Ya dubi Mieta, ya dubi Tiemie.

"Bar shi, 'yata."

"Baba, wannan duk shekara sai an kankare an yi masa fenti fa."

"Na sani," ya ce. "Duk shekara. Ranar Alhamis."

Mieta ta ƙara shekaru masu kyau a gidan, kuma a ɗakinta ta cika, taga a buɗe, tana jin ruwa. Tiemie ya riga ta da kaɗan. Oom Barend shi ya ɗauki bangon tekun gidan abokinsa duk shekara, har ranar da aka hana shi hawa tsani, ya koma riƙe wa masu hawa.

Bangwayen siminti uku suna nan yadda aka kafa su, gishiri bai ci su ba. Na gaban kuwa har yau ana kankare shi kafin Kirsimeti. Gidaje da yawa a Soutkloof sun koma siminti, matasa sun tafi birni, masu zuwa ba su kai kofunan da ake jerawa a baranda yawa ba. Amma suna zuwa.

Darasi: In za ka gina, ka zaɓi abin da zai daɗe, ka gwada kafin ka saya, wannan hankali ne. Amma kada ƙarkon kayanka ya sa ka ce ka gama da mutane. Babu abin da za ka mallaka da zai isa ya sa ka wulaƙanta wanda ya daɗe yana rufa maka asiri, kuma cewa "ku taimake ni" ba ta rage wa kowa girma. Ku tura wannan labari ga wani tsohon aboki ko maƙwabcin da kuka kwana biyu ba ku leƙa ba, tun yana nan.